GARGAƊI: mai fentin bindigar wasan yara da ke musanya wa mutane kaya a Jos

Salam jama'a, don Allah duk mai yara a Jos da Bukuru ya karanta wannan ya tura gaba, musamman iyaye mata da ke guruf-guruf na makaranta, don ta can ya fi shiga. Akwai wani matashi da ke talla a Instagram da sitatus na WhatsApp wai yana yi wa bindigogin wasa masu harba harsashin soso fenti, irin su Nerf ɗin nan, ya mayar da su salon sitimfonk, wato su koma kamar kayan zamanin injin tururi a Ingila lokacin Sarauniya Biktoriya, kalar tagulla da jan ƙarfe, ga haƙoran agogo ga 'yan bututu a jiki. Abin da kyau wallahi, ni kaina da na ga hotunan sai da na ce kai. To hotunan ba nasa ba ne. Ka saka ɗaya a Google Lens, manhajar binciken hoto, ka gani, aikin wasu ne a Amurka da Turai ya kwaso ya yanke sunansu daga ƙasan hoton.

Ba zan sa sunansa ko lambarsa ba, ba amfani ma, yana canza su kamar riga, yau sunan shagon daban gobe daban. Yadda yake yi dai ba ya canzawa, shi za ku riƙe.

Da farko zai tambaye ka wace iri ce bindigar yaron, turo hoto. In ta roba ce mai arha ta kasuwa sai ya ce aiki ya yi masa yawa. In ya ga asalin Nerf ce ta kamfanin Hasbro, ko tsarabar wani daga waje ko wadda aka tsinto a gwanjo a Taminus, nan take zai fara "ranka ya daɗe", "Hajiya ai wannan ita ce daidai aikin". Ya fi son Maverick da Strongarm, masu ganga mai juyawa mai cin harsashi 6, kuma gaskiya su masu wannan sana'a suka fi so ko a waje saboda siffarsu irin ta tsohuwar libarba. Sai ya nemi rabin kuɗi ta tiransifa, ƙanwata N15,000 ta tura, sannan ya aiko mai keke ya karɓi kayan, shi ba a ganinsa, in ka ce za ka zo shago sai ya ce yana wajen Rayfield, ya kuma ce wa wani yana Farar Gada.

Ga inda cutar take. Mai aikin gaskiya yana goge tambarin kamfani da sanfefa kafin ya yi fenti, don bindigar ta fito kamar tsohon ƙarfe ba rubutu. Shi wannan ɗan talikin da wannan yake fakewa. Ya riƙe taka ta asali, ya sayo jabu mai kama da ita, ya fesa mata fentin gwangwani ruwan gwal, ya manna wasu 'yan wayoyi da sufa gulu, ya aiko. Ka ce ina tambarin? Ya ce ai gogewa ake yi Alhaji, haka aikin yake. Kuma a nan bai yi ƙarya ba, shi ya sa mutane ke yin shiru. Ta ɗan ƙanwata da ta dawo ba nauyi sam, sifirin ɗin ba ƙarfi, harsashin da a da yake tsallake tsakar gida yanzu a gaban ƙafarsa yake faɗuwa, yaron ne ma ya fara cewa Mama wannan ba tawa ba ce.

Fentin ma abin takaici. Aikin ƙwarai sai an kwance sukurori an ware bindigar gida biyu, an cire kayan ciki an ajiye gefe, an wanke robar da sabulu, an goge, an sa firaima, wato shafin farko mai sa fenti ya kama roba, sannan baƙin fenti a ƙasa, sannan a bi da busasshen buroshi a shafa kalar tagulla kaɗan-kaɗan a gefuna har ta yi kamar ta sha hannu, a ƙarshe a rufe da banish, wato man da ke kare fenti, a bar shi ya bushe sosai. Shi kuwa a haɗe yake fesawa, fenti ya shiga kunama ya shiga ganga komai ya cije, ka sa farce ya ɓare, ka riƙe ya manne maka a tafin hannu. Da aka yi masa magana wai sanyin Jos ne ya hana shi bushewa. Sanyin Jos! Daga nan sai blokin.

Abin da ya fi tayar min da hankali ma ba kuɗin ba ne. Bakin bindigar nan da ake yi ruwan lemo ba ado ba ne, alama ce don a gane ta wasa ce tun daga nesa, a Amurka ma doka ce. Masu hankali suna rufe wurin da tef kafin su fesa fenti. Shi ya shafe shi baƙi ƙirin. A garin nan da muke da shingen jami'an tsaro a hanyoyi, kuma kowa ya san halin da ake ciki, yaro ya fito da magariba riƙe da abu baƙi mai kalar ƙarfe? Allah ya kiyaye. Duk wanda tasa ta dawo haka don Allah kar ta fita ƙofar gida, ko a nannaɗe bakin da tef mai kalar lemo.

In dai sai an yi fentin, akwai yara masu zane da yawa a Jos da za su iya, ku je ido da ido ku ga wurin aikinsu, ku ce su nuna wadda suka yi a hannu ba a waya ba. Kafin ku bayar ku ɗauki bidiyonta tana harbi, ku sa wuƙa ku yi 'yar alama a cikin ganga inda sanfefa ba ta kaiwa. Kuɗi kuma sai kaya sun dawo an gwada.

Wanda ya riga ya tura masa, kar ka goge hirar ku, ka ajiye sikirinshot da rasit ɗin tiransifa, ka kai ƙorafi bankinka da ofishin 'yan sanda mafi kusa. Mu dai muna haɗa namu waje ɗaya mu kai tare, mai so ya yi min magana ta inbos.