Takardar gonar gado a kofo: na yi ta, ga yadda na ga aikinsu

Tauraro ukku cikin biyar na ba kofon kominmu, wato kwamitin harakar ƙasa, nan cikin jahar Tawa ta Nijar. Ba zan kama sunan komin ɗin ba, dan gobe ma ina da buƙata wurinsu, kuma gaskiya mutanen ba miyagu ba ne aikin ne ya hi ƙarhinsu. Amma duk mai gonar gado da har yanzu ba ta da takarda ni dai shawarata shi tashi shi yi tun tsofaffin da sunka san iyaka suna numfashi, saboda biron nan ba shi ba kowa ƙasa, abin da tsofaffi sunka shaida kawai shika rubutawa shi buga kashe, wato hatimi. In shaidunka sun riga ka kabari to takarda ba ta da abin da za ta ɗauka.

Ga wanda bai sani ba, kofo shi ne kwamitin harakar ƙasa da Code Rural, dokar ƙasar karkara, ya kawo. Dokar ta hito ran 2 ga Maris 1993, lamba 93-015, kuma babban abin da ke cikinta shi ne haƙƙin da mutum ya samu ta hanyar al'ada, gado ne ko kyauta ko saran daji da kakanshi ya yi da gatari, kariyarshi ɗaya da ta mai takardar boko. Wannan ba ƙaramin abu ba ne in ka tuna zamanin nasara, lokacin da duk hilin da ba su ga alamar mai shi ba sai su ce na gwamnati ne. Kofon hawa-hawa ne: akwai kofob na ƙauye ko na ruga wanda maigari ko ardo ke shugabanta, sai kofokom na komin ƙarƙashin magajin gari, ko in ce kantoma tunda an rushe majalisun komin a Afrilun 2024, sai kofodep wurin perefe. Takardun da suka badawa kuma akwai ta gado, ta saye, ta kyauta, ta haya, ta aro da ta jingina. Ni ta gado na je nema.

Abin da ya tashe ni ba wani wayo ba ne, tsoro ne. Gonarmu tana kusa da godoro, gari kuma kullum ƙara matsowa shikai, masu neman hilin lotisma, wato na yankawa a yi gidaje, sun fara zuwa da motoci suna tsayawa suna nuni da hannu, kuma tun rasuwar babanmu Allah shi jiƙan shi ba a raba gandun ba.

Bari in fara da abin da ya bata min rai dan in huce. Na farko samun su. Da damana kar ma ka wahal da kanka, kowa na gona, har sakataren kofob ɗin ma manomi ne kamar kowa kuma ba albashi gare shi ba, dan Allah da girman maigari shikai. A komin kuma in mushen da ke riƙe da rajista na nan to mai sa hannu ya tahi Tawa taro, in mai sa hannu ya komo kashe na cikin diruwar da makullinta ke aljihun wanda bai zo ba. Na biyu kuɗɗi. Ba su yi yawa ba wallahi, amma babu wata takarda manne ga bango da ta ce abu kaza kuɗɗinshi kaza, sai ka tambaya a gaya maka da baki, wani a ba ka rasi wani a ce wannan na esansi ne dan moton kofo ba ta da mai. Na biya, ban ga alamar cuta ba, amma talakan da bai iya tambaya ba ta ina za shi san inda doka ta tsaya inda roƙo ya fara? Na ukku takardun duka da Faransanci suke. Tun Maris 2025 anka ce Hausa ce harshen ƙasa, amma kawuna da ya dangwala yatsa bisa takardar gonar ubanshi sai da na karanta mishi layi-layi ina juyawa, shina kallona shina cewa "ka tabbata dai ɗana haka ta ce?"

Sai rajistar kanta. Cikin katon take bisa siminti, gara ta riga ta ɗanɗana gehen guda. Na ce mushe wannan hwa tarihin gonakin gari guda ne, ya ce ya sani, ya nemi armuwar ƙarhe tun bara.

To amma ranar da anka hita gona, nan na ga amfanin abin, kuma dalilin tauraro ukkun ke nan. Da hantsi munka taru, maigari, sakatare, wakilin manoma, wakilin makiyaya wani Bafillace dogo mai rawani, wakiliyar mata, da duk waɗanda gonakinsu ke iyaka da tamu gabas da yamma kudu da arewa. Mutumin komin ya zo da GPS ɗinshi batir ya mutu sai da anka aiki yaro shago. Kahin yaron shi komo wani tsoho maƙwabcinmu da bai ma gani sosai ya riga ya ja gaba da sandarshi: daga gawon can zuwa layin gamba, daga gamba ka bi aguwa har inda kututturen aduwa yake wadda tsawa ta ƙone shekarar El Buhari. Munka duba babu kututture, ya ce ku tona nan, aka kauda rairayi da ƙafa sai ga baƙin icce. Kowa ya yi shiru sai maigari ya ce to kun gani. Na'urar da ta tashi bin sawun tsohon kawai ta yi tana ɗaukar lambobi.

Ba duka ya yi min daɗi ba a ranar. Wakilin makiyaya ya tsaya gehen gabas ya ce nan burtali ne tun kakanni, kuma kunyoyinmu sun ci cikinshi. Yayana ya fara ɗaga murya, maigari ya ce "kai yaro, ni na kora shanu ta nan ina ƙarami." Dole munka ja baya, anka auna daga inda burtalin ya ƙare. Raina ya sosu dan wajen ne ya hi ba da wake, amma gaskiyarshi ce, kuma wanda ya tuna kashe-kashen da anka yi Toda a 1991 ko Bangi a 2016 ya san inda rikicin manoma da makiyaya ke kai mutane.

Wakiliyar matan kuwa ba ta ce komi ba tun sahe sai da sakatare ya zo rubuta sunayen magada, ya sa na yayana ya sa nawa ya sa na ƙanenmu zai rufe alƙalami, sai ta ce "malam bai bar ɗiya mata ba ne?" Ya bari mana, ukku ma, duk suna gidan aure. Kawu ya ce ai su ana kai musu hatsi kowace kaka. Ta ce hatsi daban gado daban, addini ya ba su rabonsu, a rubuta. Anka rubuta. Ni kaina da nika taƙama da boko ban buɗe baki ba kahin ita, Inna Allah shi saka miki.

Inda abin ya so shi cije shi ne ɓangaren yamma. Wani gida ke noman wajen tun zamanin shugaba Diori, kakanmu ya ara ma kakansu da ya zo baƙo, sharaɗin kowace kaka su kawo dame guda na shaida. Su kuma sun ce tun da shugaba Kountché ya faɗa a 1974 cewa gona ta mai nomanta ce anka daina kai damen, yau shekara hamsin da ɗoriya, ɗiyansu da jikokinsu nan sunka tashi. Irin wannan rikicin ya cika Adar, kowa na da gaskiya rabi. Kuma ku sani kofo ba shi shari'a, in akwai gardama ba shi rubuta komi, sai ku koma wurin maigari ko sarki a sasanta a yi takardar sulhu, in ta ƙi sai gidan alƙali. Mu dai zaure munka koma. Tsohon gidan nasu da kanshi ya ce "ranka shi daɗe ban taɓa musun asalin ƙasar nan tasu ce ba, amma ina za ni da iyali?" Kawu ya daɗe shina sunkuye sannan ya ce abin da ubana ya ba baƙo ba ni za ni amshe ba. Sai anka yi musu takardar kyauta daga gidanmu zuwa gidansu. Asali ya zauna a rubuce namu ne, gona ta zama tasu, ba mai tada maganar gobe. Wannan dabarar sakataren ne ya kawo ta, mutumin da ko dala ba a biyanshi.

Da na ba ɗan yayata da ke karatu Kanada labari sai ya ce ai can ma ana wani abu mai kama da haka, kahin a buɗe taro ko a makaranta ko a majalisar gari sai wani ya tashi ya faɗi cewa ƙasar da muke bisanta ta ƙabila kaza ce tun kahin zuwan Turawa. Birnin Vancouver ma a 2014 majalisarshi ta amince a hukumance cewa garin zaune yake bisa ƙasar Musqueam da Squamish da Tsleil-Waututh wadda ba su taɓa sallamawa ba. Na ce to an maida musu? Ya yi dariya ya ce kawu gidajen bene na nan inda suke. Ni a ganina tamu ta hi tasu ta wani gehe, dan takardar kofo kana iya ajiye ta gaban alƙali, jawabin buɗe taro kuwa ana tashi shi ke nan. Amma ta wani gehen sun hi mu, su al'umma sukutum suka ambata, mu kuwa gona ɗaya-ɗaya muka rubutawa. Garin Tawa kanshi daga ƙauyukan Azna biyu ya tashi, Bilbis da Fakuwa, tun kahin Agabba ɗan sarkin Agadas shi ci Adar a ƙarni na 17, amma tambayi ɗan lakkol na yau wa ya fara saran dajin nan ka ji. Cikin gonarmu ma akwai tsamiya da tsofaffi ke cewa nan Azna ke yanka kahin ruwan shuka, ba mai sare ta har yau ko da duk mun zama masu salla, kuma babu gurbin da za a rubuta ta cikin takardar.

Waɗanda abin ya hi ƙwara su ne makiyaya, kuma nan ne tauraro biyun sunka zube. Ina da aboki Buzu mutumin wajen Abalak, kakanshi ya gina rijiya, nan kaburburansu suke, nan suka komowa kowace rani. Shi ba shi iya samun irin takardata. Dokar 26 ga Mayu 1961 ta ja layi ta ce arewa da shi ƙasar kiwo ce ta gwamnati, dokar kiwo ta 2010 ta sake tabbatar da layin ta kuma hana kowa mallake wurin kiwo shi kaɗai. Abin da doka ta yarda mishi tun 1997 shi ne a amince wajen mazauninsu ne na asali, su ke da fifiko ga ruwa da ciyawa amma ba su hana wani shayarwa. Na fahimci hikimar, ruwan arewa yau nan gobe can, in kowa ya katange nashi bisashe sun mutu. Matsalar ita ce gonaki sun daɗe da tsallake layin nan suna hawa arewa, masu kuɗɗi kuma sun ja waya sun kewaye daji, shi kuwa mai fifikon sai shi komo daga mashekari shi tarar da hatsi bakin rijiyar kakanshi. Ni da gawo da gamba na kafa shaida cikin wuni guda, shi sawun raƙumi iska ke shafewa. Kofo na da ikon shata burtali da wurin kiwo da mashaya shi kafa musu born, wato alamar iyaka ta siminti, kuma inda anka yi hakan ana samun sauƙi, amma kusan kullum sai in wani proje ya kawo kuɗɗin siminti da mai.

In za ka je, ka tahi da rani bayan an saki gonaki, ka fara ta wurin maigari kar ka tsallake shi ka ce kai ɗan birni ne komin za ka, za su maido ka. Ka sanar da duk maƙwabtan iyaka da kanka gida-gida, ka kira 'yan uwanka mata da waɗanda ke Abidjan ko Libiya ko ta WhatsApp ne su ji da kunnensu, dan wanda ba a gaya ma ba shi ke tada magana bayan shekara goma. Ka riƙe kartidantite, ka nemi rasi ga duk abin da ka biya ba tare da faɗa ba. Takarda in ta hito ka yi fotokopi da yawa ka ɗauke ta hoto a waya, kar ka dogara ga katon ɗin nan.

Kuma ka san takardar gadon ba ita ce ƙarshe ba. Mai son tashi ta ƙara ƙarhi sai shi kai ta kofodep a shigar da gonar cikin babban kundin karkara, a yi shela a kasuwa da rediyo ko akwai mai ja, sannan a ba shi takardar mallaka. Mu wannan sai baɗi in Allah ya kai mu, dan yayana ya ce ba shi ƙara ko dala sai an saida albasa.