Kafin ka sayi na'urar Wi-Fi a Zariya, duba katangar gidanka

Masu zuwa sayen na'urar intanet a PZ ko Sabon Gari tambayarsu ɗaya ce: wacce ta fi gudu? Ni a ganina, abin da ya kamata mutum ya fara tambayar kansa shi ne, da me aka gina gidana, kuma awa nawa nake samun wuta?

Ɗalibin da ke ɗaki guda a Samaru ko Kongo, MiFi, wato ƙaramar na'urar Wi-Fi ta aljihu da ake sa wa layi, ta ishe shi. Tana da batir, ko an ɗauke wuta aiki bai tsaya ba. Sai dai da ka fita tsakar gida ƙarfinta ya ragu. Ka kuma tambaya ko an kulle ta a kan layi ɗaya, don kada ranar da layin ya yi rauni ka rasa mafita.

Gidan iyali kuwa sai rauta, wato na'urar raba Wi-Fi ta kan tebur, kuma a nan ake yawan asarar kuɗi. Wi-Fi yawanci na tafiya ne a kan zango biyu, 2.4 da 5 GHz. Na 5 ya fi gudu, amma bai iya ratsa bango sosai, balle katangar ƙasa mai kauri irin ta gidajen cikin birni. Na 2.4 ya fi kutsawa, amma hanyoyinsa uku ne kawai da ba sa hawa kan juna, shi ya sa a gidajen hayar ɗalibai, inda kowane ɗaki da na'urarsa, za ka ga abin na ja da ƙyar. Don haka sayi mai zango biyun. Wi-Fi kuma samfuri-samfuri ce: Wi-Fi 5 ta wadatar da yawancin gidaje. Wi-Fi 6, wadda ta fito a 2019, amfaninta na fitowa ne in wayoyi sun yi yawa, amma ba za ta ba ka fiye da abin da layinka ya kawo ba. Yawancin rautoci na cin wuta bolt 12, ƙaramin batirin ajiya zai riƙe ta in babu NEPA. Saka kuɗinsa cikin lissafi tun farko.

Abin da mutane ke rainawa shi ne wayar kebul. Mai shagon kwamfuta, ko makarantar da ke koya wa yara jarrabawar JAMB, ya ja kebul ɗin intanet mai suna Cat6 kawai. Tana kai mita 100 ba tare da gudu ya ragu ba, ba ruwanta da katanga. A nemi ta jan ƙarfe zalla, domin akwai mai araha da cikinta alminiyom ne, saurin karyewa gare ta. Ko a gida mai sassa da yawa, gara a ja waya zuwa ɗaya sashen a kafa rauta ta biyu, da a sayi na'urar ƙara nisan Wi-Fi da kan cinye kusan rabin gudun.

Kafin ka biya, ari layukan MTN, Airtel da Glo ka gwada su a ɗakin da na'urar za ta zauna, da daddare, lokacin da kowa ya hau.