Gyaran daɓen katako a Jos, kuɗin da aka faɗa min daban wanda na biya daban

Masu tambayata nawa gyaran daɓen falonmu ya ci, bari in faɗa muku gaba ɗaya in huta. Gidan irin tsofaffin nan ne na zamanin haƙar kuza a wajen Bukuru, daɓen katako ne amma tun muna yara leda ce shimfiɗe a kai, da muka ɗage ta sai ga katakon ya yi baƙi ƙirin da tsohon folish da gam. Aka haɗa ni da wani mai injin goge katako ya zo ya auna, ya ce shi lissafinsa kan sukwaya mita ne, muka yi ciniki kuɗin ya min daidai wallahi, ya fi sauƙi a kan in ɓalle komai in sa tayil, balle kun san yadda tayil yake a tafin ƙafa da asuba cikin sanyin Jos.

Wajen guga kam ba zan ci haƙƙinsa ba, ya iya. Ya fara da sanfefa mai lamba 40, ya koma 80, ya gama da 120, bakin bango da lungu inda babban injin ba ya kaiwa ya bi da ƙarami. Katakon ya fito jawur kai ka ce jiya aka kafa shi, ya ce maɗaci ne. Har hoto na ɗauka na tura wa 'yan uwa a WhatsApp ina ta yabonsa.

Ashe kuɗin da muka yi na hannunsa ne da injinsa kawai. Sanfefa ni zan saya, kuma tsohon folish ɗin nan yana toshe ta nan da nan, kan ƙusa kuma ya yaga ta tunda bai tsaya ya nutsar da ƙusoshin ba kafin ya fara. Aka ɗauke wuta, janaretan gida ya kasa ɗaukar injin, sai da aka yi hayar babba, mai kuma tun da aka cire tallafi a 2023 ba sai na faɗa muku ba. Wasu alluna ta bayan ƙofa gara ta cinye su, na je Kasuwar Katako na sayo wasu, kalarsu ba ta zo ɗaya ba amma wannan na haƙura, kujera ta rufe wurin.

Abin da ya ƙona min rai shi ne banish ɗin, wato man da ake shafa wa katako ya yi ƙyalli. Mun yi da shi shafi uku, tsakanin kowane shafi a bari ya bushe a bi shi da sanfefa mai laushi. Ya yi na biyu da yamma, wai wari ya yi yawa sai ya buɗe tagogi duka ya tafi abinsa, cikin hunturu fa, ƙura tana tashi ko dutsen da ke bayan gida ba ka gani. Da safe na shiga ba takalmi, ina takawa na ji garas-garas, na sa hannu na shafa duk ƙura ta manne a ciki, ta gefen taga har da wani ƙwaro ya maƙale da fukafukinsa. Na kira shi ya zo ya duba ya ce Alhaji ai haka yake, in ya gama bushewa zai kwanta. Na ce Malam ƙasa ce fa a ciki, ina za ta kwanta? Sai ya juya wai in ana so ya yi sumul sai an sake gogewa, sabon kuɗin aiki da sabon galan. Ni na buɗe tagar? Ga iyali na kai su gidan surukai saboda warin, kullum sai an bugo waya yaushe za a dawo. A nan ne ma yaronsa ya yi suɓutar baki cewa tina, ruwan nan na tsinka fenti, suke zubawa da yawa don galan ɗin ya kai, wato shafin farko ma kusan ruwa ne.

Da ƙyar da shigar wanda ya haɗa mu ya yarda ya sake ba tare da na biya kuɗin aiki ba, ni na sayi banish ɗin da kaina na tsaya a kansa, tagogi a rufe, ƙasan ƙofa an toshe da jiƙaƙƙen tsumma. Yanzu dai ya yi kyau, duk baƙon da ya shigo sai ya tanka, amma in ka haɗa komai na biya kusan ninkin abin da muka yi ciniki, don haka kar wanda ya ce ni na tura shi wurinsa. Sannan tsagogin da ke tsakanin allunan ya cike su da garin katako da gam alhali lokacin hunturu ne katako ya tsuke, da damina zai kumbura ya matso, wani kafinta ya ce min cikon zai iya fitowa. Shi ya sa ragowar kuɗinsa na nan hannuna, na ce masa sai ruwa ya sauka mun gani.