Ƙaramin Rediyon CB da Eriyarsa a Motar A-kori-kura: Abin da Na Gani Bayan Na Yi Amfani da Su

Duk wanda ya daɗe yana bin manyan hanyoyin Amurka zai lura da dogayen eriyoyin da ke tsaye a gefen madubin tireloli. Na rediyon CB ne, wato oba-oban da direbobi ke magana da junansu da shi ba tare da layin waya ko kuɗin kira ba. Ni aikina jigilar ƙananan kaya ne da a-kori-kura, galibi tsakanin yammacin Texas da New Mexico, kuma akwai wurare a wannan yanki da sabis ɗin waya ke yin rauni ko ya ɗauke gaba ɗaya da zarar an sauka daga babban titi. Wannan ne ya sa na sayi ƙaramin rediyo da eriya na ɗaura wa motar. Hukuncin da na yanke bayan na yi aiki da su shi ne cewa kuɗin bai tafi a banza ba, amma amfanin da na samu ya fi rataya a kan eriyar da yadda aka daidaita ta, fiye da shi kansa rediyon.

Dalilin haka yana cikin doka. Hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ita ta buɗe zangon CB na megahaz 27 ga jama'a a 1958 da tashoshi 23, aka ƙara su suka zama 40 a 1977, bayan da ƙarancin man fetur na 1973 da dokar taƙaita gudu zuwa mil 55 a awa suka sa direbobi suka rungumi rediyon don su riƙa sanar da juna inda ake samun mai da inda 'yan sanda suka tsaya. Tun 1983 ba a buƙatar lasisi don amfani da shi. Sai dai dokar ta ƙayyade ƙarfin kowane rediyo a wat 4 a tsarin AM, saboda haka babban akwatin da ya cika gaban tirela da ɗan ƙaramin da bai wuce littafin aljihu ba, ƙarfi ɗaya suke fitarwa matuƙar ba a yi musu wani gyaran da ya saɓa wa doka ba. Da na fahimci wannan sai na daina kallon masu tsada. Kamfanoni irin su Uniden da Cobra da Midland da President duk suna yin ƙanana, kuma da yawansu ba su kai dala ɗari ba.

Wanda na saya faɗinsa bai kai tafin hannu biyu ba, kuma maɓallansa kaɗan ne: na ƙara murya, na sauya tasha, na rage jin muryoyin nesa, da kuma wanda ke rufe ƙarar shuu ɗin da ake ji idan babu mai magana. Ƙanƙantarsa ita ce babbar falalarsa, domin gaban motocin zamani ya cika da allo da maɓallai har babu inda za a rataya babban akwati. Na ɗaure shi a gefen dirowar da ke tsakanin kujeru biyu, inda hannuna na dama ke kaiwa ba tare da na kawar da ido daga hanya ba, nesa da wuraren da jakar iska ke fitowa idan an yi karo, kuma na bar masa sarari a baya saboda yana ɗaukar ɗumi idan an jima ana magana. Abu biyu ne na ga irin waɗannan ƙanana sun gaza a kai. Lasifikarsu ƙarama ce, ga shi sau da yawa tana kallon ƙasa, don haka idan mota ta ɗauki gudu kuma iska na kaɗawa, maganar takan nutse. Sai da na ƙara wata 'yar lasifika ta daban a bayan kujera kafin na riƙa jin kowace kalma. Na biyu kuma, yawancinsu ba su da ma'aunin SWR, wato na'urar da ke nuna ko eriya ta daidaita, a jikinsu, dole a saye shi daban, kuma ina ganin duk wanda zai ɗaura rediyon nan ya sa kuɗin wannan ma'auni a lissafinsa tun daga farko.

Batun wuta bai ba ni wahala ba. Ana iya cusa shi a ramin kunna sigari, amma na zaɓi in ja jar wayar kai tsaye zuwa batir, da fiyus kusa da kan batir ɗin, baƙar kuma na ɗaure ta a noti mai tsabta a jikin ƙarfen motar. Na bi da wayar ta cikin robar da ke toshe ramin da sauran wayoyin mota ke bi daga wajen inji zuwa ciki, don kada bakin ƙarfe ya ci ta. Amfanin wannan hanya shi ne raguwar kukan altaneta, wannan siririn sautin da ke tashi yana sauka tare da totur. Illarta kuma ita ce rediyon ba ya mutuwa idan an kashe mota, sai an tuna an kashe shi da hannu.

Aikin gaskiya yana wajen eriya. Tsawon igiyar sautin CB kusan mita 11 ne, kuma eriyar da ta fi dacewa da shi ita ce mai kashi ɗaya cikin huɗu na wannan tsawo, wato kimanin mita 2.7, shi ya sa tsofaffin masu harkar ke yabon doguwar bulalar ƙarfe mai inci 102. Amma wanda ke shiga rumfunan ajiye motoci da ƙarƙashin bishiyoyi ba zai iya yawo da ita ba. Gajerun eriyoyi suna cike wannan giɓi ne ta hanyar naɗe waya a jikin sandar faiba ko a cikin wani ɗan gwangwani a gindi, kuma gwargwadon gajartar eriya, gwargwadon abin da ake rasawa na nisa. Na tsaya a kan mai ƙafa huɗu, wadda ake iya murɗa kanta don ƙara mata tsawo ko rage shi, na kuma sa mata sifirin a gindi don ta lanƙwasa idan ta bugi reshe maimakon ta karye.

Inda za a kafa ta ma muhawara ce. Tsakiyar rufin mota ya fi ko'ina, domin eriyar CB rabin aiki kawai take yi, ƙarfen motar ne ke yin ragowar rabin, kuma a tsakiyar rufi ƙarfe ya kewaye ta ta kowane ɓangare. Wanda ba ya son huda rufinsa yakan sayi mai gindin maganaɗisu, amma ya kamata ya fara gwada ko zai kama, saboda wasu motocin, kamar Ford F-150 daga samfurin 2015, jikinsu na alminiyam ne kuma maganaɗisu ba ya manne masa. Ni ban so wayar da za ta riƙa bi ta bakin ƙofa tana matsewa ba, don haka na kafa tawa a kan bangon bodin baya, na ɗan ja ta nesa da gidan direba yadda mafi yawan tsawonta zai haura rufi. Idan aka manna ta da bayan gidan direba, ƙarfen yakan tare sautin ya mayar da shi.

Akwai wani ɗan zobe na farar roba a cikin notin da ke riƙe eriyar, wanda idan ba a lura ba sai a ɗauka ba shi da wani aiki. Yana da ɗan wuya da ke shiga cikin ramin ƙarfen da aka ɗaure a mota, kuma shi ne ke hana sandar eriyar taɓa wannan ƙarfe. Idan aka sa shi a kife ko aka bar shi a leda, eriyar ta haɗu da jikin mota ke nan, kuma latsa makirfo a wannan hali yana iya ƙona rediyon. Na sa mitar auna wuta na tabbatar babu haɗuwa tsakanin tsakiyar wayar da ƙarfen, sannan na tabbatar akwai haɗuwa mai kyau tsakanin ƙarfen da jikin motar. A nan ne na ga bodin a-kori-kura ba ya samun kyakkyawar haɗuwa da sauran motar saboda fenti da kuma baƙin shafen da ake yi masa don hana karcewa. Na kankare fentin ƙarƙashin notin har ƙarfe ya yi fari, na ja gajeriyar waya mai faɗi daga nan zuwa shasi, na shafa man hana tsatsa a kai. Ragowar wayar eriyar, wadda yawanci ake sayar da ita a tsawon ƙafa 18, ban naɗe ta zagaye-zagaye ba. Na ninke ta doguwa na ɗaure ta a ƙarƙashin kujerar baya.

Ma'aunin SWR yana nuna yawan ƙarfin da eriya ta kasa fitarwa ya komo cikin rediyo, kamar ruwan da injin ban-ruwa ya tura ta bututun da bakinsa ya toshe, ya dawo yana matsa wa injin. Ana auna shi a fili, nesa da gine-gine, ƙofofi da bonet a rufe, hular robar eriyar kuma tana kanta. Ana saka ma'aunin tsakanin rediyo da wayar eriya, a latsa makirfo, a daidaita allurar a kan layin ƙarshe, sannan a juya maɓalli a karanta. Ana yin haka a tasha ta 1 da ta 40. Idan adadin tasha ta 40 ya fi na ta 1, eriyar ta yi tsawo, sai a murɗa kanta ciki. Idan akasin haka ne, sai a fito da shi, kuma kaɗan-kaɗan ake yi domin ɗan murɗi yana sauya lissafi sosai. Ƙasa da 2 ya wadatar, 1.5 ya yi kyau, sama da 3 kuwa haɗari ne ga rediyon. Kafin in ja wayar nan zuwa shasi allurar tana shiga jan yankin haɗari a dukkan tashoshi, wanda alama ce ta cewa matsalar ba ta tsawon eriya ba ce. Bayan na ja ta, na murɗa kan, sai ta sauko kusa da 1.5 daga farkon zangon har ƙarshensa. Wannan mataki ne na ga mutane da dama suna tsallakewa, daga baya su ce rediyon ba shi da kyau.

A kan hanya, nisan da nake samu a shimfiɗaɗɗen fili yakan kai mil uku zuwa biyar, a cikin tuddai ko gari kuma ya ragu ƙwarai. Wannan ya ishe ni, domin abin da nake nema shi ne labarin abin da ke gabana. A tasha ta 19, inda direbobin tireloli ke taruwa, masu tahowa daga ɗaya hannun sukan faɗi inda aka yi haɗari, da layin da aka rufe, da inda guguwar ƙura ta taso, kuma sau da yawa nakan ji wannan kafin taswirar waya ta nuna. Idan kuma ina bayan babbar mota da na ga igiyar kayanta ta kwance, ina iya gaya wa direban nan take, abin da waya ba za ta yi mini ba tunda ban san lambarsa ba. Tasha ta 9 an keɓe ta don neman agaji, amma ba ko'ina ake sauraronta ba yanzu, saboda haka ban ɗauke ta madadin kiran 911, lambar gaggawa ta Amurka, ba.

Abin da ba na jin daɗinsa shi ne bakin wasu masu magana. Kusa da manyan birane da wuraren hutun direbobi akan ji ashar da gardama marar amfani, har nakan kashe rediyon idan iyalina suna cikin mota. Akwai kuma ranakun da yanayin sararin sama ke dawo da sautin daga nesa mai yawa, sai muryoyi daga wasu jihohi su cika tashar su danne na kusa. A irin wannan lokaci maɓallin rage jin nesa ne ke ceto.

Ga wanda ke yini a kan manyan hanyoyi tare da tireloli, ina ba da shawarar ƙaramin rediyo, da eriya mafi tsawon da motarsa za ta iya ɗauka, da ma'aunin SWR, da ƙarin lasifika. Wanda kuwa buƙatarsa ita ce magana da abokan tafiyarsa kawai a cikin daji, ya duba tsarin GMRS, wani nau'in oba-oba na daban, wanda eriyarsa gajera ce kuma sautinsa ya fi tsabta, ko da yake yana buƙatar lasisin FCC na dala 35 mai aiki na shekara goma, kuma ba zai ji direbobin tasha ta 19 da shi ba. Sassaucin rashin lasisin CB da na ambata dokar Amurka ce, don haka wanda zai aika da irin wannan rediyo gida ko wata ƙasa ya fara tambayar hukumar sadarwar can kafin ya kunna shi.