iNaturalist a dajin Ocala: a ɗauki hoton ganye, ba na bishiya ba

Duk wanda zai shiga dajin Ocala da ke tsakiyar jihar Florida ta Amurka yana son sanin sunan itatuwa, ina ba shi shawarar ya sauke manhajar iNaturalist a wayarsa. Kyauta ce. Ka ɗauki hoto, ta kawo maka sunayen da take zato, sannan masana da sauran masu sha'awa su duba su tabbatar ko su gyara.

Na gwada ta ne a kan bishiyar fain (pine a Turance) da ta mamaye farin rairayin wurin, wadda masana ke kira Pinus clausa. Gwamnatin Amurka ta keɓe dajin tun 1908, kuma babu inda wannan bishiya ta taru da yawa a duniya kamar nan. Ba ta da wani kwarjini: gajeruwa ce, sau da yawa a karkace, rassanta a hargitse. Hoton da aka ɗauka daga nesa ba ya wuce a ce maka fain ce, kuma Florida na da fain iri-iri. Amfanin manhajar yana fitowa ne idan ka matsa kusa.

Ganyen shi ne shaida. Siriri ne kamar tsinken tsintsiya, yana fitowa bibbiyu a ɗaure ta gindi, tsawonsa santimita 5 zuwa 10. Pinus palustris, wata fain ɗin da ita ma tana cikin dajin, nata uku-uku ne, kuma yana iya haura santimita 40. Na shimfiɗa ɗauri ɗaya a tafin hannu na ɗauka, nan take sunan da ya dace ya hau saman jerin sunayen da manhajar ta kawo. Sai kwanson irin: ƙanana ne, suna manne da reshe shekara da shekaru a rufe, ƙaro ya liƙe su. Zafin wutar daji ne ke narkar da ƙaron, iri ya zube a ƙasar da ta ƙone, sabon daji ya taso. Uwar kam wutar kashe ta take yi.

Abin da ya fi burge ni mutanen ne. Wani da ya duba hotunana ya ƙara mini da cewa a arewa maso yammacin jihar, wajen gaɓar teku, akwai nau'in wannan bishiya da kwansonsa ke buɗewa ba tare da jiran wuta ba, don haka buɗaɗɗen kwanso ba ya nufin wata bishiya ce dabam. Wannan ba abin da na'ura za ta faɗa maka ba ne.

A bar wayar ta riƙa ɗaukar wurin da aka yi hoton, domin manhajar na la'akari da abin da aka taɓa gani a yankin. A kuma tafi da ruwa mai yawa, inuwar wannan bishiya ba ta tare ranar Florida.