WhatsApp, Facebook, Instagram ko TikTok: a ina mai ƙaramin jari za ta baza kolinta?

Shekara biyar ke nan ina sayar da turaren wuta da humra daga cikin gida a Kano. Ba ni da shago, wayata ce rumfata. Duk wadda ta fara sana'a a danginmu sai ta zo da tambaya ɗaya: "Anti, a ina zan fara talla?" Ni ba da yawan masu kallo nake auna kafa ba. Abu uku nake dubawa: mutum nawa suka turo kuɗi, data nawa na ƙona, sannan yaya sauƙin a cuce ni a wurin. Da wannan ma'aunin, WhatsApp ya yi wa sauran nisa.

Ki sauke WhatsApp Business, wanda aka fito da shi a 2018 domin 'yan kasuwa, kuma kyauta ne. Yana da wurin jera kaya, kowanne da hotonsa da farashinsa, har guda 500, don haka ba sai kin yi ta tura hoto ɗaya sau ashirin a rana ba. Za ki iya yi wa kowace hira alama mai launi: wannan ta biya, wannan saura ciko, wannan kayanta na tasha. Akwai kuma saƙon maraba da yake amsa wa mutum ko kina barci.

Amma ƙashin bayan cinikin shi ne sitatus. Awa 24 yake yi ya ɓace, kuma ba mai ganinsa sai wanda ya ajiye lambarki, ke ma kika ajiye tasa. Wasu na ganin wannan nakasu ne. A wurina nan albarkar take, domin wadda ta ajiye lambarki ta riga ta san ki, ko ta san wadda ta san ki. Ƙamshi ba ya bi ta waya, yarda ake saye kafin kaya. Rannan wata baiwar Allah daga Gusau ta turo mini murya: "Hajiyata, na sandal ɗin nan yana kama tufafi kuwa?" Na hura gawayi a kasko, na zuba mata shi tana kallo a bidiyo yadda hayaƙin ke tashi fari, ba ƙauri, na faɗa mata gaskiya cewa ya fi dacewa da ɗaki, in na kaya take so ga wani. Kwalba biyu ta saya, bayan sati ƙanwarta ta nemi na kayan lefe. Saƙon muryar nan kada ki raina shi. Da yawa daga cikin masu sayen kayanmu sun fi sakewa da magana a kan rubutu, kuma a murya ake gaisawa, a tambayi yara, a yi tayi, a yi ragi kamar a Kantin Kwari.

Aibin WhatsApp ɗaya ne, ba ya kawo baƙo da kansa. Saƙon bai-ɗaya ma, wato wanda ake tura wa mutane da yawa lokaci guda, mutum 256 kawai yake ɗauka, kuma ba ya isa ga wanda bai ajiye lambarki ba. Don Allah kada hakan ya sa ki riƙa jefa mutane a guruf ba da izininsu ba, toshe ki za su yi. Ki roƙi wadda ta ji daɗin kayanki ta ɗora ki a sitatus ɗinta, ya fi amfani.

Baƙi kuwa a Facebook ake samo su, nan ne dandalin Hausawa na gaske. Ki buɗe shafin kasuwanci, ki yi rubutu da Hausa, ki haɗa shi da lambar WhatsApp, a gan ki a can a ƙarasa ciniki a nan. In za ki biya kuɗin talla, ki zaɓi gari da shekaru da jinsin waɗanda kike so su gani, ki kuma sani tun Janairun 2022 ana ɗora harajin kashi 7.5 a kan tallar a Najeriya. Instagram na masu kaya masu tsada ne da hoto mai ƙyalli, ga cin data, wadda tun da aka amince da ƙarin kashi 50 a kuɗin kira da data a farkon 2025 ba abin wasa ba ce. TikTok zai tara miki 'yan kallo, masu saye kaɗan ne a cikinsu. X, wato tsohon Twitter, filin gardama ne, an ma taɓa rufe shi a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022.

Yanzu ga inda nake so ki buɗe kunne. Na taɓa kwashe ribar wata guda na ba wani shafi mai tarin mabiya don ya tallata ni. An ɗora, kwana uku ko mutum ɗaya bai tambayi farashi ba. Ashe mabiyan sayo su aka yi. Kafin ki biya kowa, ki buɗe tsofaffin tallansa ki karanta abin da mutane suka rubuta a ƙasa. In mabiya dubbai ne amma masu magana ba su kai goma ba, ko duk alamar zuciya ce daga sunayen da ba na nan ba, ki riƙe kuɗinki. Ki kira mutum biyu da ya taɓa yi wa talla ki ji daga bakinsu.

Sai alat na bogi, wanda ya yi ƙamari tun lokacin ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023. Za a turo miki hoton rasit, suna daidai, kuɗi daidai, ana ta azalzalarki wai mota za ta tashi. Hoto ba kuɗi ba ne, saƙon tes ma ana ƙirƙirarsa. Ki shiga manhajar bankinki ki ga kuɗin sun zauna kafin ki miƙa wa ɗan sahu kaya. Mai gaskiya ba ya fushi don an ce ya jira minti biyar.

Mafi muni shi ne ƙwace lamba. Wani zai kira ki da ladabi, ya ce daga guruf ɗin 'yan kasuwa yake, ko za a raba tallafi, ki karanto masa lambobi shida da suka shigo wayarki. Kina faɗa, WhatsApp ɗinki ya koma hannunsa, ya fara bin kwastomominki da sunanki yana karɓar kuɗi a wani asusu. Wata maƙwabciyata mai sayar da atamfa sai da ta yi ta bin mutane gida-gida tana ba da haƙuri. Yau ɗin nan ki shiga saiti ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ki sa lambar sirri da ke kaɗai kika sani. Ki tsaya a kan asusun banki ɗaya mai sunanki, ki riƙa maimaita shi a sitatus. Lambobin kwastomominki kuma ki kwafe su a littafi da biro, kowacce da garinta da irin turaren da take saye.