Yumɓu ko Plasticine don 'yan aji uku?

Malama, kan tambayarki ta Plasticine (lakar kanti mai launi-launi da yara ke gini da ita) ko yumɓu a darasin CCA, wato darasin al'adu da fasahar ƙirƙira, ki ɗauki yumɓu ki huta.

Shi Plasticine wani malamin zane ne mai suna William Harbutt ya haɗa shi a garin Bath na Ingila a 1897, don kada aikin ɗalibansa ya riƙa bushewa kafin su gama. Da maiƙo ake yin sa, shi ya sa ba ya bushewa. A ƙasar sanyi wannan alheri ne. Mu nan Bauchi, a Maris da Afrilu zafi na kaiwa digiri 40, ga rufin kwano ba silin, sai ya saki ya dinga liƙewa a yatsu da benci. Hunturu ya zo ya taurare, ya kwashi ƙura. Yara kuma ba sa barin ja da kore da shuɗi su zauna lafiya, sai sun cakuɗa su sun koma launi guda mai kama da toka. Kwalin da na taɓa saya bai ga ƙarshen zango ba. Yabonsa ɗaya, ba ya ɓata yunifom kamar laka.

Yumɓu kuwa, wurin wata dattijuwa mai ginin tukwane nake samo nawa. Da na ce mata na 'yan makaranta ne, ƙin karɓar kuɗina ta yi, har ta biyo ni aji da tsumma da ɗan dutsenta na goge tukunya. Ta zauna a tabarma tana murza laka kamar igiya, tana ɗorawa tana shafewa, yaran da ba sa iya zaman minti biyar suka yi tsit. Wani yaro da ko sunansa bai iya rubutawa daidai ba, shi ya fi kowa iya asusu. Aka gasa masa, ya kai gida, mahaifiyarsa ta aiko da godiya. Plasticine ba ya zuwa gida, a murje shi ake yi a mayar kwali.

Amma fa akwai aiki. Ki jiƙa yumɓun ya kwana biyu, ki tsince tsakuwa da saiwa, ki cuɗa sosai har iska ta fita, don iskar da ta maƙale ciki da danshin da bai gama fita ba su ne ke fasa abu a wuta. In ya cika danƙo ki zuba yashi mai laushi kaɗan. Kaurin abin da yaro zai gina kada ya wuce ɗan yatsa. A inuwa ake shanyawa, a rufe da leda da farko, musamman da hunturu, in ba haka ba washegari ki tarar duk ya tsage. Sai ya yi mako ɗaya zuwa biyu kafin gashi, gashin kuma ki kai wa masu tukwane, kada a hura wuta a makaranta. Launi ba sai kin saya ba: farar ƙasa, jar ƙasa, garin gawayi da bula, a dama da ruwan ƙaro. Ki ce kowa ya zo da tsohuwar riga ranar.

Abu guda: ki tsaya kan kasko, tulu, asusu, rumbu da akurki. Kin san iyayenmu da batun mutum-mutumi, ba sai an kai ƙararki wurin hedimasta ba.

Ki kula da masu sayarwa kuma. In kin shiga kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal, akwai masu miƙo miki irin na fulawa da gishiri su rantse Plasticine ne, alhali na fulawar yana bushewa da zarar an bar shi a buɗe. Wani kwalin ƙato ne, ciki rabi kwali ne. Ki sa a buɗe a gabanki. Masu baro ma sukan kawo jar ƙasar gini su ce yumɓu ce. Ki jiƙa kaɗan, ki murza, ki naɗe a yatsa; in ya kakkarye, ki ce ya koma da kayansa.

Kuɗin da hedimasta ya ba ki, ki sayi bokiti biyu, sabulu da babbar leda ta shimfiɗawa a ƙasa.